Laya ta Biyar

Da Muttaka ya buɗe ƙofar motar, wari ne ya fara yi masa sallama. Warin ruma, irin na ɗakin da aka kulle da jiƙaƙƙen bargo a ciki. Ya ja da baya ya tofar da yawu, sannan ya durƙusa ya danna kafet ɗin da tafin hannunsa. Baƙin ruwa ya tsattsafo ta tsakanin yatsunsa.

"Ka gani ko?" in ji Alhaji Abdulbaqi, mai motar, yana tsaye a bakin gareji da hankici a hanci. "Ruwan daminar bana ne ya shigo mana. Kwana uku ta yi a tsaye a cikinsa."

Marsandi ce baƙa, doguwa, ta haura shekara arba'in, irin wadda a da idan ta shigo Kabara masu kekuna ke sauka su ba ta hanya. Ta mahaifin Abdulbaqi ce, marigayi Alhaji Mailafiya. Fentinta na nan, kujerun fatarta na nan, katakon gabanta ko tsagewa bai yi ba. Ciwon a ƙasa yake. Ƙarƙashin kafet akwai wata shimfiɗa mai kauri ta zaren rama da gashi, ita ke tare zafi da ƙarar hanya. Ita ce ta sha ruwa ta ruɓe, in kuwa aka bar ta haka, tsatsa za ta cinye ƙarfen motar.

"An ce mini duk cikin birni kai ka rage kana yin irin wannan shimfiɗa," in ji Abdulbaqi. "Su sauran, soso suke cusawa, su malala gam, su ce an gama." Ya gyara zaman hularsa. "Na san akwai tsohuwar magana tsakanin gidan nan da gidanku, Malam Muttaka. In ka ƙi, ba zan ga laifinka ba."

Ya ƙi? Ina! Ai shekara arba'in Muttaka ya yi yana jiran ranar da zai ɗaga kafet ɗin motar nan.

Mahaifinsa, Mikail, shi ne direbanta. Baduku ne na asali daga Yakasai, ya ajiye basilla da fata ya kama sitiyari. Wata Juma'a ya ɗauko Hajiya Asma'u, matar Alhaji Mailafiya, daga gidan suna. Sai washegari da safe ta nemi sarƙarta ta zinari, wadda aka sayo mata daga Makka, ta rasa. Ta ce da ita a wuyanta ta shiga mota. Aka laluba kujeru, aka share kafet, aka je Yakasai aka birkice ɗakin Mikail har da tukunyar miya. Babu. Kafin azahar an karɓe makullin mota daga hannunsa, bayan la'asar aka kai shi masallacin unguwa aka miƙa masa Alƙur'ani. Muttaka yana da shekara goma a lokacin, kuma ya haddace rantsuwar kalma bayan kalma.

"Sarƙar nan ba ta hannuna, ba ta gidana, ban ba wa kowa ita ba, kuma ban fita da ita daga motar Alhaji ba. In ƙarya nake, Alƙur'anin nan ya ci ni."

Alƙur'ani bai ci shi ba. Ya koma ɗinkin fata, ya ƙara shekara ashirin a duniya lafiya ƙalau, ya rasu a kan tabarmarsa. Amma mutanen unguwa, Allah ya shirye su, sun riga sun raɗa masa suna: Mikail Sarƙa. Ranar jana'izarsa ma da kunnensa Muttaka ya ji wani yana tambaya wa ya rasu, aka ba shi amsa da wannan sunan. Shi kuma ya zama Ɗan Sarƙa. A kan sunan nan ya rasa haƙorinsa na gaba, a kansa ya bar makaranta. Yanzu yana da furfura da 'ya'ya biyar, amma ka duba wayar duk wanda yake yi wa aiki, abin da za ka gani ke nan: Muttaka Ɗan Sarƙa. Wasu ma sun ɗauka sarƙar babur ake nufi.

Da ya shiga sana'ar kushin, babu kafet ɗin da zai ɗaga bai tsinci wani abu a ƙarƙashi ba. Ɗan kunne, makulli, carbi, allura, har haƙorin Makka ya taɓa samu. Mota tana da baki, ta wajen tsagar da ake yi wa kafet don ƙafar kujera ta wuce, kuma abin da ya faɗa nan sai dai mai kushin. Duk ranar da ya tsinci abu sai ya koma gida ya faɗa wa mahaifiyarsa, Inna 'Yardada. "Kin gani, Inna? Haka sarƙar nan ta yi. Tana nan a ƙasa. Allah dai ya bayyana gaskiya." Ita ba ta cika amsawa ba, sai ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Shi ya ɗauka baƙin ciki ne ya hana ta magana.

"Zan yi," ya ce wa Abdulbaqi. "Amma a nan zan yi, ba a rumfata ta Ƙofar Dawanau ba. Duk abin da ya fito daga ƙasan motar nan, a gidanku nake so ya fito."

Abdulbaqi ya gane, ya sunkuyar da kai. "Babu laifi. Ni ma akwai abu ɗaya. Da motar ta zo sabuwa, Baba ya sa malaminsa ya yi layu huɗu na tsari, aka sa a kusurwa huɗu ƙarƙashin shimfiɗar. Babanka ma aka ba ya saka su. Ni ban damu da su ba, amma Hajiya ta ce a mayar da su yadda suke."

"Huɗu?"

"Huɗu."

Ranar farko a kan kujeru ta ƙare. Notocin sun yi tsatsa sun kafe, sai da ya jiƙa su da mai ya bar su suka sha, sannan ya bi su da sifana a hankali, don motar da ta tsufa ba a yi mata gaggawa. Ya ɗaga kafet ɗin ɗaya bayan ɗaya, ya wanke, ya shanya a igiyar tsakar gida. Ya kawo takardar buhun siminti ya zana fasalin kowane gurbi, don ya yanka sabuwar shimfiɗa daidai. Naɗin sabuwar yana jingine da bango, yana ƙamshin rama.

Rana ta biyu ya shiga ruɓaɓɓiyar. Ta zama kamar dusar da aka jiƙa wa akuya, baƙa, tana manne wa ƙarfe. Wani mai kushin da shebur zai kwashe ta ya zuba a buhu. Muttaka kuwa rariya ya zo da ita daga gida. Duk abin da ya kankaro sai ya murje shi da yatsu a kan rariyar, yana dubawa. Ya samu sule biyu, da maɓallin riga, da marfin biro. Ya samu laya ta farko wajen ƙafar direba, ta biyu a ɗaya gefen, ta uku da ta huɗu a baya. Duk iri ɗaya, jar fata ta yi baƙi, marasa nauyi. Ya jera su a kan tsumma.

Hantsi ya yi sosai, gidan shiru, Abdulbaqi ya tafi ofis. Saura ɗan yanki ɗaya a baya, daidai inda Hajiya ke ajiye ƙafa. Ya cusa makankari ta gefe. Sai ƙarfen ya taɓa wani abu.

Laya ce. Ya juya ya ƙirga na kan tsumma: huɗu suna nan. Ya dubi ta hannunsa.

Ta fi sauran nauyi. Ya kai ta kusa da kunne ya girgiza, ya ji wani abu yana sulalewa a ciki. Takarda ba ta yin haka. Ya goge fatar da gefen rigarsa, ya fito bakin gareji inda haske yake, ya dubi ɗinkin. Sauran huɗun ɗinkinsu ya kwanta dama, kamar na kowane baduku. Wannan ya kwanta hagu. A ƙarshensa an yi ƙulli biyu, an cusa bakin zaren ya koma ciki ya ɓata.

Mikail bahago ne. Shekara goma Muttaka ya yi yana zaune gabansa yana kallon wannan ɗinki, yana shan rankwashi a kan ƙullin nan biyu. Har yau haka yake rufe ɗinkinsa.

Ba a buɗe laya. Kowa ya san haka a birni. Ko yaro ya tsince ta a hanya, cusa ta yake a ramin katanga ya wuce. Da a ce masu bincike sun ɗaga shimfiɗar a wancan lokaci, da sun gan ta sun mayar, har su ce Allah ya tsare. Muttaka ya daɗe da reza a hannu. Ya yi bisimilla, ya tsinke zaren.

Sarƙar ta zubo a tafinsa, tas da ita, tana walƙiya kamar jiya aka wanke ta. Maƙallinta a karye.

Ya zauna daɓas a kan siminti. Rantsuwar ta dawo masa da muryar uban, a natse, ba ko rawa. Ba ta hannuna. Gaskiya ne. Ba ta gidana. Gaskiya ne. Ban ba wa kowa ita ba. Ban fita da ita daga motar Alhaji ba. Wallahi duk gaskiya ne! Babu kalma ɗaya ta ƙarya a ciki. Ashe mutumin nan auna rantsuwar ya yi ya yanka ta daidai da gurbinta, tun kafin a nemi ya yi ta.

"Kai, Baba," ya ce a fili. "Kai, Baba!"

Haushi ne ya fara zuwa, irin wanda ke sa kunne ya yi zafi. Ya kai harshe gurbin haƙorinsa. Ya tuna yaron da ya fasa wa kai da dutse a bakin rijiya, ya tuna shekarun da ya yi yana ɗauke kai in ya haɗu da 'yan gidan nan a masallacin Juma'a, yana jin shi ne aka zalunta. Bayan haushi kunya ta zo, ita ce ta fi ciwo. Ya yi kuka, babban mutum da shi, a tsakanin tayar mota da buhun shara.

Da kukan ya lafa ya fara tunani. In ya mayar da ita ya shafa gam ya rufe, sunan yana nan har jikokinsa. In ya miƙa ta a cikin fatarta, akwai tsofaffi a Yakasai da za su gane ɗinkin daga nesa, kuma abin da aka yi shekara arba'in ana raɗawa zai tabbata. Inna tana da shekara saba'in da biyar. Ya ga fuskarta a kan farantin shinkafa. Ita fa me ta yi?

Ya cusa fatar a aljihun wandonsa. Ya ɗebi ruɓaɓɓiyar shimfiɗa ya murje sarƙar a ciki har sai da baƙin ya shiga kowane ido nata. Ya koma cikin mota, ya tura ta ƙarƙashin yankin da ya rage, daidai bakin tsagar ƙafar kujera, inda shi da kansa ya sha tsintar kayan mutane. Ya danna da tafin hannu ta kwanta. Aiki ne mai kyau, ko wani mai kushin ba zai gane ba. Ya yi alwala ya yi azahar, bai san abin da ya karanta ba.

Wajen ƙarfe biyu Abdulbaqi ya dawo cin abinci. Muttaka ya kira shi.

"Alhaji, zo ka ga inda tsatsa ta fara ci, kada gobe a ce ni na huda."

Abdulbaqi ya tattare babbar rigarsa ya leƙo. Muttaka ya cusa makankari ya ɗaga yankin a hankali, yana nuna jan ƙarfen da ɗan yatsa, yana bayani a kan fentin da za a shafa. Bai kalli wajen ba. Ya bar mai motar ya gani da kansa.

"Tsaya. Mene ne wancan?"

Abdulbaqi ya sa yatsu biyu ya jawo, abin ya yi ta fitowa yana tsawo. Ya goge a hankicinsa. Ya dubi Muttaka, bakinsa a buɗe.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ya ce. Ya juya da gudu, babbar riga na jan ƙasa, yana kiran Hajiya.

Hajiya Asma'u ta fito da sanda, jikarta na riƙe da hannunta. Ta tsufa ƙwarai, idonta ya yi fari-fari. Ta karɓi sarƙar ta laluba har yatsunta suka kai ga karyayyen maƙallin. Sai ta saki sandar, ta sulale ta zauna a ƙasan gareji, cikin dattin.

"Ita ce," ta ce. "Wayyo ni. Na ɗauki alhakin bawan Allah. Ya rantse, na ce ƙarya yake. Ya mutu ban nemi gafararsa ba." Ta miƙa hannu tana laluben inda Muttaka yake. "Ɗana, ka yafe mini. Don girman Allah ka yafe mini."

Wannan ita ce ranar. Ya sha tsara ta a ransa yana ɗinki: abin da zai ce, yadda zai tsaya, yadda zai bar su su ji kunya kafin ya buɗe baki. Ga ta ta zo, tsohuwa tana kuka a gaban ƙafarsa a kan laifin da ba ta yi ba, fatar kuma tana gogar cinyarsa ta cikin aljihu.

"Tashi, Hajiya," ya ce. "Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Abdulbaqi ya ce zai sa liman ya yi sanarwa ranar Juma'a a masallacin da aka yi rantsuwar, kowa ya ji. Hajiya ta ce ba za ta kwana ba sai ta je Yakasai da kanta ta durƙusa wa 'Yardada. A fito da ƙaramar mota bayan la'asar. Da ana tayar da ita, sandarta ta taɓa tsumman da layun ke kai.

"Layun Alhaji ne? Sun cika?"

"Sun cika, Hajiya. Huɗu."

Bai iya ci gaba da aiki ba. Ya rufe ƙofofin motar, ƙasanta tsirara, ya hau babur ɗinsa ya riga su zuwa gida. Ya tarar da Inna 'Yardada a tsakar gida, kan kujera 'yar tsugunno, tana fifita gawayi a kurfoti, tukunyar ruwan kunu a kai. Matarsa da yara suna ɗaki. Ya durƙusa kusa da ita.

"Inna, an ga sarƙar."

Maficin ya tsaya.

"A ƙarƙashin shimfiɗar mota. Faɗuwa ta yi ta tsagar kujera, kamar yadda nake faɗa miki. Alhaji Abdulbaqi ne ma ya gan ta da idonsa. Za a yi sanarwa a masallaci. Hajiya Asma'u tana hanya, za ta zo neman gafararki. An wanke Baba, Inna."

Ya jira ta yi hamdala, ko ta fashe da kuka. Ta dai zuba wa gawayin ido. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba:

"Fatar fa?"

Ya kau da kai. "Wace fata?"

"Muttaka." Haka kawai ta ce, yadda take kiransa yana yaro in ya ɓoye abu a bayansa. Ta miƙo hannu.

Ya sa hannu a aljihu ya fito da ita, ya ɗora mata a tafi. Ta juya ta, ta bi ramukan ɗinkin da babban yatsa.

"A ƙofar gidan nan ya tsaya da motar ran Juma'ar," ta ce a hankali. "Ya aiko in ba shi guntun fata da zare. Ni na goga wa zaren kaki. A cikin motar ya zauna ya ɗinke. Ya ce in ƙura ta lafa zai ɗauko. Washegari aka karɓe makullin."

"Shekara arba'in, Inna. Kina kallona ina faɗa da mutane. Kina kallona."

"Ina kallonka."

"Me ya sa ya yi?"

Ta sake juya fatar a tafinta.

"Sau ɗaya na gan ta a wuyan Hajiya," ta ce. "Na ce masa ta yi kyau."

Daga waje aka ji mota ta tsaya a bakin lungu, aka ji muryoyi, maƙwabta sun fara fitowa. Wata mata ta rangaɗa guɗa. Inna 'Yardada ta ɗaga tukunyar, ta jefa fatar a tsakiyar garwashi, ta mayar da tukunyar a kai. Ta gyara ɗaurin kallabinta, ta ce masa ya shimfiɗa wa baƙuwa tabarma mai kyau.

Yana cikin shimfiɗawa ƙarar sanda ta shigo zaure. Hajiya Asma'u ta yi sallama da muryar wadda ta sha kuka, ta tako tsakar gida, sannan ta tsaya ta ɗaga hanci.

"'Yardada, kamar wani abu na ƙonewa a gidan nan."

"Gawayin ne, Hajiya, bai bushe ba," in ji Inna. "Sannu da zuwa. Shigo ki zauna."